Waya ta zama aljihu: tambayoyi da amsoshi kan kuɗi, sana'a da tsaron kai a zamanin intanet

Waɗannan tambayoyi ne da nake yawan ji daga bakin 'yan kasuwa, masu POS, matan da ke saye da sayarwa daga cikin gida, da samarin da suka gama makaranta suna neman abin yi. Wasu a majalisa ake yi mini su, wasu a waya, kuma galibi sai bayan aikin gama ya gama. Wanda aka sace wa waya yanzun nan ya wuce kai tsaye zuwa tambaya ta 5, sauran ya karanta daga baya.

1. Ana ta cewa duniya ta dunƙule. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba, ina ruwana?

Ruwanka na nan a kuɗin burodi da buhun taki. A watan Fabrairun 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Ƙasashen biyu suna cikin manyan masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma tana kan gaba wajen fitar da takin zamani. Ba a ɗau wata nawa ba fulawa ta tashi, manomin shinkafa a Kura ya je sayen taki ya dawo da rabin abin da ya saba saye. Haka kuma zoɓorodon da ake tarawa a Maigatari da Dawanau har Meziko ake kai shi, riɗi kuma yana tafiya Japan da Turkiyya da Sin. Mai saye a can ya ja baya, mai gona a Jigawa zai ji a jikinsa.

Cuɗanya da nesa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, fatake sun kai fata da baƙin rini Agadas da Tarabulus, sun ɗauko goro daga Gwanja. Abin da ya sauya shi ne sauri. Ayari wata da watanni yake yi a hanya, yau kuwa dala ta motsa a kasuwar canji ta Wapa da hantsi, kafin azahar farashin shadda ya sauya a Kwari. Ɓarawo ma haka: a da sai ya haura katanga, yanzu yana kwance a wani gari zai kwashe abin da ka tara.

2. Gaskiya ne kayan Sin ne suka kashe masaƙunmu?

Sun taimaka, amma a kwance suka tarar da mara lafiyan. Masaƙar KTL da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta tsaya a 2007. A Kano, wanda ya san Bompai da Sharaɗa da Challawa a shekarun 1980 ba ya buƙatar a ba shi labari. Wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukwane da shi ya yi tsada, injuna sun tsufa, noman auduga a Funtuwa da Gusau ya ja baya, atamfa kuma tana shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano. Sai ga shi a farkon 2005 an kawo ƙarshen tsarin da ke ƙayyade yawan tufafin da ƙasa za ta iya turawa manyan kasuwannin duniya, masana'antun Sin suka samu fili.

Wannan buɗewar ce kuma ta kai 'yan Kwari Guangzhou da Dubai, dubban mutane suna cin abinci ta nan. Abin da ke damuna shi ne irin aikin da ya maye gurbin wancan. Ma'aikacin masaƙa yana da albashi a ƙarshen wata, da ƙungiyar ƙwadago, da kuɗin sallama. Yaron shago da ɗan dako ranar da suka kwanta ciwo, ranar suka daina samu. Ka riƙe wannan a ranka idan ka zo tambaya ta 11.

3. Idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya fa, yaya za mu yi?

Mun riga mun ɗanɗana har sau uku. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna. Sai mutum ya hau mota ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutane da kuɗinsu a banki sun kwana da yunwa saboda babu takardar kuɗi, taransifa kuma ta ƙi tafiya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da yawa suka tsaya cak.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, kada ka tara duk kuɗinka a asusu ɗaya, ka ajiye kuɗin cefanen 'yan kwanaki a hannu, sannan ka rubuta lambobin mutane biyar ko shida da ba za ka iya rasa su ba a takarda.

4. Me ya sa kuke ta nanata maganar layin waya? Ai wayar ce mai tsada, ba sim ba.

Wayar ana sayen wata a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Layin shi ne mabuɗin komai. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layi da NIN daga ƙarshen 2020, lambar wayarka ta zama ita ce shaidarka: ta nan banki ke turo lambobin tabbatarwa, da ita kake shiga WhatsApp da Facebook, da ita ake sauya kalmar sirrin imel. Wanda ya cire sim ɗinka ya sa a wata waya, a idon na'ura shi ne kai. Yana iya danna lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kake ajiya.

Abu uku za ka yi yau. Na farko, ka sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, ba makullin fuskar waya kaɗai ba. Ana yin sa a wajen saitin tsaro, kuma ka adana katin da sim ɗin ya zo a jikinsa don lambar PUK tana kai, ita ce mai buɗe shi idan aka yi kuskure sau uku. Na biyu, ka goge duk inda ka ajiye BVN ko lambar sirrin katinka a cikin wayar. Na ga mutane da yawa sun ajiye su cikin jerin sunaye. Na uku, kada ka bar layin da ke haɗe da banki ya kwanta. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, saƙonnin bankinka su koma hannun baƙo.

5. An fizge mini waya. Me zan fara yi?

Banki kafin komai. Kusan kowane banki yana da gajeriyar lambar da za ka danna a wayar kowa ka rufe asusunka nan take. Ka nemo ta bankinka tun yanzu ka haɗa ta da waɗancan lambobin na takarda da aka ambata a tambaya ta 3. Daga nan ka kira kamfanin layi su toshe shi, ka je ofishinsu da NIN ɗinka ka yi welkom bak, wato a ba ka sabon sim mai lambarka ta da. A nan ne wanda ya sayi layi mai rajistar wani yake yin kuka, don ba za a ba shi ba. Bayan layi ya dawo, ka sauya kalmar sirrin imel, ka sake shiga WhatsApp, ka sanar da 'yan'uwa kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka. Ka kuma kai rahoto wajen 'yan sanda ka karɓi takarda, ko da ba ka sa ran wayar za ta dawo, don idan aka aikata laifi da layinka ita ce za ta wanke ka.

6. Wani ya kira ni ya ce daga banki yake, ya faɗi sunana da ranar haihuwata daidai. Ba shi ke nan na gaske ne ba?

A'a. Suna da ranar haihuwa da lambar asusu suna yawo a wurare da yawa: fom ɗin neman aiki, rajistar tallafi, takardun da aka bari a shagon hoto-kwafi. Da su yake sayen yardarka, abin da yake nema kuma shi ne wanda ba shi da shi: lambar sirrinka, lambobin jikin katinka, ko lambar da ta shigo wayarka yana cikin magana. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ka waɗannan. Za ka ji yana gaggauta ka, wai za a rufe asusun nan da awa ɗaya. Kuma yanzu da Hausa tsantsa suke kira, da sallama da “ranka ya daɗe”, wani har da ambaton Allah. Ka kashe wayar, ka taka zuwa banki ko ka kira lambar da ke bayan katinka.

Wata gwaggona ta rasa kuɗin adashin mata goma sha ɗaya ta wannan hanya, a kira ɗaya da bai kai minti goma ba. Ba sakarya ba ce, shekara talatin tana sana'ar ƙuli-ƙuli ba wanda ya taɓa cin kwabonta. Abin da ya ci ta shi ne kunyar katse wa babban mutum magana. Don Allah ku zauna da iyayenku ku gaya musu cewa a wannan wurin katse waya ba rashin ladabi ba ne.

7. An ƙwace mini WhatsApp, ana ta roƙon kuɗi a wajen kwastomomina. Zan iya dawo da shi?

Za ki iya, in dai layin yana hannunki. Ki sake shigar da lambarki a manhajar, za a turo miki lambobi shida, da kin sa su an kori wancan. Idan ya riga ya sa makullin mataki na biyu, za a sa ki jira kwana bakwai, amma shi ma ya fita tun lokacin da kika sa lambobin. Kafin nan ki kira manyan kwastomominki da baki, ki roƙi masu kula da zaurukan da kike ciki su cire lambar na ɗan lokaci.

Yawanci ta zaure ake shigowa. Wani zai kira ya ce za a yi taron ƙungiya ta intanet, an turo miki lambar shiga, ki karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinki. Da kin dawo da shi ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu da kanki.

8. Ina da shago. Yaya zan gane alat na bogi?

Kada ka ba da kaya saboda saƙon tes ko hoton rasit da mai saye ya nuna maka a wayarsa. Duka biyun ana ƙirƙirarsu. Ka buɗe manhajar bankinka ko na'urar POS ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki. In ya ce sabis ne, ya jira ko ya dawo. Wani salon kuma shi ne a turo maka kuɗi, a kira ana kuka wai kuskure ne, a ba ka wata lambar asusu daban ka mayar. Kada ka mayar ta nan. Ka sanar da bankinka su mayar inda kuɗin suka fito. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

9. Abokina ya ce in ara masa asusuna a turo masa kuɗi, zai ba ni wani abu. Akwai matsala?

Akwai babba. Kuɗin damfara da kuɗin fansa ba sa sauka a asusun mai laifin, sai an bi da su ta asusun wasu. Ranar da aka bi sawu, sunanka da BVN ɗinka da hotonka za a gani, kai za a fara ɗauka, kuma “ban sani ba” ba ta cika fitar da mutum da wuri ba. Haka masu shiga unguwa suna tara mata da tsofaffi, suna karɓar NIN suna ɗaukar hoton fuska da sunan tallafi, su ba da 'yan kuɗi kaɗan. Da waɗannan bayanan ake buɗe asusu da yin rajistar layi da cin bashi da sunan mutum bai sani ba.

Manhajojin ba da bashi nan take ma a yi hattara da su. Wasu suna kwashe lambobin da ke wayarka, ranar da ka makara su tura wa surukanka da limamin unguwarku saƙon cin mutunci. Hukumar kare masu saye ta FCCPC ta fara dirar musu tun 2022, kuma tana da jerin waɗanda ta amince da su.

10. Ana ta samun kuɗi a kirifto da manhajojin zuba jari. In shiga?

Ka raba abu biyu. Akwai kuɗin kirifto irin su Bitcoin, da farashinsu ke hawa da sauka, ana ci ana faɗuwa, kuma malamai sun yi bayanai mabambanta kan hukuncinsu. Akwai kuma masu fakewa da sunan kirifto su yi tsohuwar damfarar nan ta biyan na farko da kuɗin na baya. MMM ta yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta daskare da kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. Sama da shekara takwas tsakani, salo ɗaya: riba tabbatacciya, lada idan ka kawo wani, da hotunan waɗanda suka “cire”. Waɗanda suka cire ɗin da gaske suke, kuɗinka ne za a ba su.

Tambaya ɗaya tak za ka yi: wace sana'a ake yi da kuɗin har take ba da wannan ribar? In amsar ita ce wata na'ura ce mai basira ke yin ciniki ba ta faɗuwa, ka riƙe kuɗinka. Ka duba ko kamfanin yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari. Takardar CAC shaidar rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu shirya irin wannan.

Su kuma masu mainin a waya, wato danne-dannen manhaja don tara kuɗin kirifto, ba kuɗi suka fi asara ba, lokaci ne. Matasa sun yi watanni suna dannan Hamster Kombat, da aka fashe a Satumbar 2024 da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data ba. Wata shida ɗin nan ya isa a koyi gyaran waya ko haɗa sola.

11. Ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace mana ayyuka?

Wasu za ta ƙwace, kuma ba yau fasaha ta fara ba. Ina masu tafireta a bakin kotu da gidan waya? Ina masu lema da teburi da ake biya a yi kira bayan zuwan GSM a 2001? Kasuwar kaset da faifan finafinan Hausa ta Ƙofar Wambai ta mutu, masu shirya fim suka koma YouTube, 'yan dawunlodin suka samu abin yi. Tun fitowar ChatGPT a Nuwambar 2022, ayyukan da ke cikin haɗari su ne na zama a gaban kwamfuta ana maimaita abu ɗaya: buga takardu, rubuta wasiƙa, fassarar da ba ta da zurfi, ƙaramin zanen talla. Mai gyaran famfo, ungozoma, makaniki, tela da mai haɗa wutar sola, hannunsu ake nema, na'urar sai dai ta taimaka musu da lissafi ko talla.

Sabbin ayyukan da take kawowa kuma a dube su da ido biyu. Na'urorin nan mutane ne ke koya musu, har da masu jin Hausa da ake ɗauka su fassara ko su gyara amsoshi. Aiki ne na gaske, amma na ɗan lokaci ne, babu fansho babu ƙungiya, ana iya rufe shi da saƙo ɗaya. A Janairun 2023 mujallar TIME ta ba da rahoton ma'aikata a Kenya da ke tace munanan rubuce-rubuce don horar da irin wannan na'ura a kan ƙasa da dala 2 a awa. Labarin masaƙa da yaron shago ne na tambaya ta 2 ya dawo da sabuwar riga. Shawarata ga matashi: ka koyi amfani da ita sosai, amma ka ɗora ta a kan wata sana'a da ka iya da hannunka ko da kanka.

12. Na ga bidiyon wani babban mutum yana tallar magani da bakinsa. Ana iya ƙirƙirar wannan?

Ana iyawa, har da murya. Daga ɗan gajeren sautin mutum ana iya haɗa maganar da bai taɓa yi ba. Ka duba ko bidiyon yana shafinsa na ainihi, ko wata kafar labarai da ka sani ta kawo. Idan kuma aka kira ka da muryar ɗan'uwanka yana kuka a turo kuɗi, ka katse ka kira shi a lambarsa da ka sani, ko ka tambaye shi abin da ku kaɗai kuka sani a gida. Umarnin bin diddigin labari kafin aiki da shi yana cikin Suratul Hujurat, aya ta 6, kuma ya hau kan abin da ake turowa a zaure kafin ka tura wa wasu.

13. Aikin intanet da ake biya da dala gaskiya ne?

Akwai na gaskiya: rubuta manhaja, zane, gyaran bidiyo, fassara, kula da shafukan 'yan kasuwa. Sai dai kana gasa ne da ɗan Indiya da ɗan Filifin da ɗan Kenya a kan aiki ɗaya, ga matsalar wuta da tsadar data, kuma yakan ɗauki watanni kafin kwastoma na farko. Gwamnatin tarayya ta buɗe shirin horarwa kan fasahar zamani na 3MTT a 2023, akwai kuma darussa kyauta masu yawa a YouTube. Da yawa sun fi samun nasara da suka fara da na kusa: mai atamfa a Kwari da ke son a ɗaukar masa hoto mai kyau a sa a Instagram ya fi sauƙin samu a kan Bature a Landan.

Na ƙarya alamarsa ɗaya ce: kai ake cewa ka biya. Kuɗin rajista, kuɗin “buɗe mataki”, ko a ba ka ƙaramin aikin danna bidiyo a biya ka sau biyu, sannan a ce ka zuba kuɗi don a ba ka babba. Haka tallar aiki a ƙasashen Larabawa da ake yaɗawa a Facebook da TikTok. Mata da yawa sun tafi aikatau an karɓe musu fasfo da isarsu. Kafin a biya wani eja ko sisi, a ga takardar kwangila da bizar aiki, ba ta ziyara ko ta Umara ba, kuma a nemi wanda ya je ta hannunsa ya dawo.

14. An riga an cuce ni. Ina zan kai kuka, kuma kuɗin za su dawo?

Sauri shi ne komai, don cikin mintuna ake rarraba kuɗin zuwa wasu asusun. Ka sanar da bankinka nan take, ka ba su lokaci da adadi da lambar asusun da kuɗin suka shiga, ka nemi su tuntuɓi wancan bankin a riƙe abin da ya rage. Ka rubuta ƙorafi a takarda, ka karɓi lambar shaidar ƙorafin. Idan mako biyu ya wuce ba su warware ba, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar ƙara. EFCC tana da ofisoshi a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri, rundunar 'yan sanda kuma tana da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja. In matsalar ta layi ce, lambar hukumar sadarwa ta NCC ita ce 622, kyauta ake kira. Kada ka goge komai: saƙonni, lambar da ta kira ka, rasit, duk ka ɗauki hotonsu.

Wani lokaci ana dawo da wani ɓangare, sau da yawa kuma ba a samun komai, musamman idan an kwana. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa iyalinka, don lambar da ta kira ka gobe ƙaninka za ta kira. Sannan ka shirya wa kira na biyu: bayan 'yan kwanaki wani zai bullo a Facebook ko ya kira ka, ya ce shi jami'i ne ko gwanin kutse, zai dawo maka da kuɗinka idan ka biya kuɗin aiki. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi sunanka a hannunsu. Bayan rushewar CBEX ma an nemi waɗanda abin ya shafa su sake zuba dala 100 ko 200 wai don a tantance su a sakar musu kuɗinsu, kuma akwai waɗanda suka biya.